Matasan da Kano Ba Ta San Sunansu Ba

A Kano ba a rasa bikin ba da lambar yabo. Da wuya mako ya ƙare ba a kama wani ɗakin taro ba, an jera kujeru, an buga takardar gayyata mai ruwan zinare. Abin da ke damuna shi ne inda lambar take dosa, domin daga ƙasa take tashi ta yi sama. Matasa ne za su kafa ƙungiya, su yi karo-karo su sa a yi musu allon katako ko na gilashi, a rubuta Gwarzon Shekara ko Garkuwan Matasa, su ɗinka anko, su nufi ofishin wani mai muƙami ko shagon wani attajiri. A miƙa, a ɗauki hoto, a watsa a Facebook, in za su fita a ba su na mota. Sati mai zuwa wata ƙungiyar ce za ta zo da allo irin wancan.

Ba na ɗora wa yaran nan laifin duka, ƙofar da suka tarar a buɗe ita suka shiga. Amma ƙanensu ɗan shekara 15 yana kallo, kuma abin da yake koya shi ne yabo haja ce, mai kuɗi da mai mulki ake kai wa. Alhali a cikin garin nan, daga Kurna zuwa Sheka, daga Ɗorayi zuwa Hotoro, akwai samari da 'yan mata Musulmi da suke riƙe da unguwanninsu da ƙarfinsu da lokacinsu, ba wanda ya taɓa kiran sunansu a gaban jama'a. Ni a ganina wannan bashi ne a wuyanmu, mu manya. Wajibinmu ne mu neme su, mu faɗi abin da suka yi a gabansu da gaban iyayensu, sannan mu danƙa musu amanar da ta fi wadda ke hannunsu.

Mu fara da maƙabarta. A watan Afrilun 2020, lokacin da aka rufe gari saboda korona, Kano ta ga mace-macen da suka tayar wa kowa hankali. Masu haƙar kabari ne suka fara ɗaga murya cewa lamarin ba na lafiya ba ne, daga baya ministan lafiya na lokacin ya ce bincike ya ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni a 'yan makonni. Wanda ya raka gawa Dandolo ko Abbatuwa ko Tarauni a kwanakin nan ba zai manta ba. Dattawan da suka saba da aikin ƙarfinsu ya gaza, samarin unguwa ne suka karɓi diga da shebur. Ga zafin bazara, ga azumi ya kama, ga tsoron cutar da ba a gama sanin kanta ba. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, diga na dukanta tana tsalle. Yaro zai tuɓe riga ya shiga rami, ya fito jikinsa jawur, bai gama mayar da numfashi ba an shigo da wata makarar. Wannan yana jera itace, wancan yana kwaɓa ƙasa, wani ya tafi ɗebo ruwa a jarka. Masu gawa in za su tafi su miƙa abin da ya sawwaƙa, wani lokacin ma su manta, don hankalinsu ba ya jikinsu. Annoba ta lafa, aka buɗe gari, kowa ya koma kasuwarsa. Unguwa nawa ce ta tsayar da mutane bayan sallar Juma'a ta ce ga yaran da suka binne mana iyaye, ku taya mu yi musu godiya?

Haka batun jini. Har yau a asibitocinmu in mara lafiya ya buƙaci jini, dangi ake ce wa su kawo mai bayarwa. Mace ta haihu jini ya ɓalle mata da tsakar dare, mijinta daga ƙauye ya kawo ta Asibitin Murtala, bai san kowa a birni ba. Ko yaro mai sikila jininsa ya yi ƙasa, uwa ta rasa wanda za ta kira. Akwai matasan da suka buɗe zaurukan WhatsApp don wannan kaɗai, kowa an rubuta rukunin jininsa da unguwarsa. Saƙo zai shigo ƙarfe ɗayan dare: ana neman leda biyu, ga rukuni, ga ɗaki. Wani ɗalibi ko mai gyaran waya zai tashi ya nemi abin hawa da kuɗin aljihunsa, ya miƙa hannu a ɗiba, ya sha lemo, ya koma gida. Matar da Allah ya ceta ta dalilinsa ba za ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ranar 28 ga Nuwamba 2014, da aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki aka kashe sama da mutum 100, irin waɗannan yaran ne suka yi ta ɗaukar waɗanda suka jikkata, suka kuma amsa kiran a zo a ba da jini.

Ga 'yan agaji, na Fityanu da na Izala da na Jama'atu da na Ƙadiriyya, masu wuni a rana cikin kakin da da yawansu da kuɗinsu suka ɗinka, a filin idi, a wurin tafsiri, a maukibi, a sansanin alhazai. Ga ƙungiyoyin aikin gayya masu shiga kwata har gwiwa kafin damina ta faɗi. Ga malamar Islamiyya, budurwa ko sabuwar amarya, mai aji cike maƙil da yara da alawus ɗin da ba ya isarta kuɗin mota. Mata ma sun fi shan mantuwa. Yawancin waɗanda suka yi ta bin gida-gida da akwatin rigakafin shan inna mata ne, don su ke iya shiga cikin gida. A watan Fabrairun 2013 an harbe tara daga cikinsu a nan Kano suna bakin aiki, amma sauran ba su ajiye akwatin ba. Tun 2014 ba a sake samun nau'in cutar na asali a jihar nan ba, a watan Agustan 2020 kuma aka bayyana cewa Afirka ta rabu da shi. Da aka zo murna, sunayen shugabanni da masu ba da tallafi aka fi ji.

Na san abin da wasu malamai da dattawa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce aikin Allah ba a yi masa shela. Za su tuna mana hadisin da ke cikin Sahihu Muslim na mutum uku da za a fara jefawa wuta, mai jihadi da mai ilimi da mai kyauta, saboda sun yi ne don a ce. Za su kawo mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa, cikinsu har da wanda ya ɓoye sadaka har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Za su ƙara da umarnin a watsa wa masu yawan yabo ƙasa a fuska. Duk na yarda. A zamanin da mutum ba ya iya miƙa wa maraya kwanon shinkafa sai an kunna kyamara, tsoron riya ya ma ƙara wajaba.

Sai dai an ɗauki nauyi biyu an cakuɗa su. Gyara niyya da ɓoye aiki nauyi ne a kan mai aikin. Mu da muka amfana namu nauyin daban ne, shi ne godiya, kuma Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. An tambaye shi game da mutumin da ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi a kai, ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. Akwai kuma labarin da nake ganin ya kamata kowane kwamitin masallaci ya riƙe shi da kyau. Wata baƙar mata ce mai sharar masallaci a Madina, a ruwayar Muslim ma mai ruwayar ya yi kokwanton ko mace ce ko wani saurayi ne. Annabi ya daina ganinta, sai ya tambaya. Aka ce ai ta rasu. Ya ce me ya hana ku sanar da ni? Mai ruwayar ya ce kamar sun ƙanƙantar da lamarinta ne. Ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Ita ba ta nemi a san ta ba, ba ta kawo kanta ba. Shugaba ne ya lura da rashinta, ya bi sawu, ya nuna wa manyan gari cewa sun yi kuskure da suka raina ta. Abdullahi ɗan Umar kuma yana saurayi Annabi ya ce madalla da Abdullahi, da dai yana sallar dare. Tun daga ranar, in ji ɗansa Salim, ba ya barcin dare sai kaɗan. Yabo ne na gaskiya, gajere, wanda ya san yaron ciki da bai ya yi shi, kuma ya ƙara masa himma har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da aka tsawatar a kansa shi ne kambama mutum da abin da ba shi da shi, da yabon da ake yi don a samu. Wannan kuwa shi ne wanda muke yi a ɗakunan taro ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Mun sake wa kanmu wanda aka hana, mun fake da tsoron riya mun bar wanda aka umarce mu da shi.

Kuma karrama gwani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsangaya tana da matakanta tun kaka da kakanni: kolo, titibiri, gardi, har a kai alaramma da gwani da gangaran. Sunan gwani ba a sayensa. Sai mutum ya haddace, ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, masana sun duba sun shaida. Yaron da ya sauke a yi masa zayyana a allo, a zaga da shi gidajen dangi. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta faro a 1986, ta bi wannan hanyar. Daga ƙaramar hukuma a je jiha, daga jiha a je ƙasa. Alƙalai na zaune, ɗan takara na karatu a bainar jama'a, in ya yi tuntuɓe kowa ya ji. Shi ya sa mutane suka yarda da sakamakonta, shi ya sa kuma ake ganin iyaye suna tururuwar kai yara makarantun hadda, maza da mata. Abin da jama'a ta girmama a fili, shi yara ke tasowa suna so. Mun yi wa karatu wannan gatan, kuma ya cancanta. Hidimar jama'a ce har yanzu ba mu yi mata ba, alhali Alƙur'anin da ake haddacewa shi ne ya cika da zancen maraya da miskini da maƙwabci da matafiyi.

Ni dai in aka tambaye ni yadda ake karrama matashi, sai in kawo maganar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Zaidu ɗan Sabitu lokacin da aka yanke shawarar tattara Alƙur'ani wuri guda. Ya ce masa kai saurayi ne mai hankali, ba ma tuhumarka, kuma ka kasance kana rubuta wahayi ga Manzon Allah, don haka ka bi Alƙur'ani ka tattara shi. Ya faɗi halinsa, ya faɗi aikin da aka san shi da shi, sai ya ɗora masa aikin da ya fi kowanne girma. Annabi da kansa ya ba Usama ɗan Zaidu jagorancin runduna bai wuce shekara 20 ba, cikinta har da Sayyidina Umar, da wasu suka yi ƙorafi ya fito ya ce ya cancanta kamar yadda mahaifinsa ya cancanta. A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu in ta zaɓi jaji, wato malama jagora, cikin ƙungiyar mata masu neman ilimi da ake kira 'Yan Taru takan ɗora mata malfa ta naɗa mata jan rawani, duk inda ta shiga a san an yarda da ita kuma an aiko ta ne ta koyar.

Kano ba ta taɓa jin tsoron shugaba matashi ba sai a wannan zamanin. Malam Aminu Kano bai kai shekara 35 ba ya karɓi shugabancin jam'iyyar NEPU a 1953. Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule bai haura 30 ba ya zama ministan tarayya a 1959. Janar Murtala yana da 36 ya zama shugaban ƙasa. Yau je ka duba masallacin unguwarku. Wa ke shimfiɗa tabarma, wa ke tayar da janareta da asuba, wa ke wanke banɗaki, wa ke bin gida-gida karɓar gudummawar gyaran rufi? Sannan wa ke zama in za a yanke yadda za a kashe kuɗin? Mutum zai yi shekara goma yana wa masallaci hidima, ya yi aure, ya haihu, ana nan ana ce masa yaro, ba a taɓa nuna masa littafin asusu ba. Haka abin yake a kwamitin makaranta da na tsaron unguwa da na asibitin sha-ka-tafi. Dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, amma kuɗin fom da buƙatar uban gida suna nan inda suke. Kuma ko an buɗe wannan ƙofar, wanda bai taɓa riƙe kuɗin gyaran famfo ya yi bayaninsu a gaban mutanen layi ba, a ina zai koyi riƙe kasafin jiha?

Akwai wani gefen da ya fi tayar min da hankali. Kowane matashi yana son a san da zamansa, wannan halitta ce, babu aibi a ciki. Ɗan daba yana da laƙabi, yana da yara, in ya shigo layi ana ba shi hanya, lokacin zaɓe ɗan takara ya san lambar wayarsa. Sojan baka ana jin muryarsa a rediyo, mai zagi a intanet ana tura masa kati. Shi kuwa mai yashe kwata, in ya wuce majalisa da shebur a kafaɗa, wahalalle ake ce masa. Muna kuka da ƙwacen waya da shaye-shaye, muna kiran a ƙaro jami'an tsaro, kuma ana buƙatarsu. Amma yaron da ke tsaye bai yanke inda zai bi ba yana lissafin wanda ake ganin girmansa a unguwa. Mu ne muka yi shiru, dilan ƙwaya da mai neman 'yan jagaliya ba su yi ba.

A watan Satumban 2023 wani matashi mai tuƙa adaidaita sahu a garin nan ya mayar da kuɗi kimanin naira miliyan 15 da wani fasinja ɗan Chadi ya manta a babur ɗinsa. Gari ya ɗauka, aka yi ta yi masa alheri, kuma na ji daɗin hakan har cikin raina. Ya nuna Kanawa ba su da rowar yabo in sun gani. Matsalar ita ce sai abu ya zama labari mai ban mamaki muke gani. Shekara biyar a maƙabarta ko a ajin Islamiyya ba ta da ranar da za ta shiga labaran rana, sai an tashi takanas an je an duba.

Ba na kiran gwamnati ta kafa wata sabuwar hukuma. Da zarar abin ya shiga ofis, takardar ɗan majalisa za ta riga shaidar maƙwabci isa tebur. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, kowace unguwa kuma tana da mai unguwa da liman da dattawan da suka san ɗan kowa tun yana goye. Aikinsu ne. Sau ɗaya a shekara ya isa, ranar rufe tafsiri ko washegarin salla, a ƙofar masallaci, ba sai an kama ɗakin taro ba. Kada kowa ya kawo sunan kansa, maƙwabta su kawo, a je a tambayi waɗanda suka amfana. Na mata a bar wa mata, malaman Islamiyyar matan aure da ungozomomi sun fi kowa sanin yarinyar da ke kwana jinyar tsohuwar da ba ta da kowa. Liman ya faɗi aikin dalla-dalla, ba kirari ba ƙari. A kira mahaifin ya tsaya kusa da ɗansa, a aika wa mahaifiyar cikin gida, domin tarbiyyarsu ce ake yaba wa. Attajirin da zai taimaka ya taimaka, amma kada a liƙa hotonsa, kada a ba shi lasifika.

Abin da za a bayar kuma ya zama mai amfani: kuɗin rajistar makaranta, keken ɗinki, ɗan jari, takardar shaida da hatimin hakimi wadda zai iya nunawa in ya je neman aiki. Sama da duka, a ba shi wuri a kwamiti, ma'aji ko sakatare, a kuma tsare shi da tambaya kamar yadda za a tsare babba. Wanda ya ce shi a rufa masa asiri, kada a tilasta shi. Dattawa biyu ko uku su je gidansu bayan isha'i su yi godiya a zaure, sauran taimakon a yi masa a ɓoye.

Na san inda abin zai fi wuya. Son kai zai shigo, ɗan mai unguwa da ƙanen liman za su riƙa fitowa kowace shekara in ba a sa ido ba. Siyasa za ta leƙo, a fara duba launin hula. Mafi girma kuma shi ne rabuwarmu ta ɗariƙa da Izala. In masallacin Izala ɗan Izala kawai zai gani, zawiyya kuma ɗan zawiyya, to kowa nasa ya yaba, unguwa ba ta yi komai ba, yaran kuma za su gane haka nan take. Don haka in mai unguwa zai kira zaman, ya kira limaman ɓangarorin duka tun ranar farko, a zauna a zaure ɗaya, kuma duk wanda aka kawo sunan ɗansa ko ƙanensa ya tashi ya ba da wuri har a gama magana a kansa.